Ba A Ajiye Allura Babu Zare

Na durƙusa ke nan zan gaida ayarin farko na masu ta'aziyya, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashin gwiwata ta dama. Zafin bai wuce cizon cinnaka ba. Na ƙarasa gaisuwar, aka ce mini ya haƙuri, na ce da godiya, sannan na shafa tabarmar da tafin hannu. Na tsinci rabin allura, ɓangaren da ake zura zare, kuma babu zare a jikinsa. Na sake shafawa, na ɗaga tabarmar, na kakkaɓe zanena. Rabin mai tsini babu shi. A gwiwata akwai ɗigon jini ɗaya, bai kai ƙwayar dawa ba.

Allurata ce. Da hantsin ranar ina zaune a kan wannan tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, ina ɗinka wa kaina rigar zaman gida, sai na ji salatin Gwaggo daga cikin ɗaki. Na watsar da abin da ke hannuna na ruga. Kafin azahar an yi wa Kaka wanka, bayan azahar maza suka kai ta makwancinta. Wata ta ɗauke rigar daga hanya. Allurar kuwa ba wanda ya gan ta.

Na ƙulle rabin da na tsinta a haɓar zanena, na ɓoye zancen.

Gidanmu na Gusau bai taɓa ɗaukar mata kamar na ranar ba. Dangin Kaka na wajen Tsafe suka cika mota guda, dangin marigayi Kakanmu namiji suka zo daga Bungudu da Furfuri. Wata tsohuwa, ƙawar Kaka tun suna amare, ta shigo tana dogara sanda, tun daga zaure take faɗa.

"Ta yi mini wayo! Mun yi da ita ni ka fara tahiya, ta yanka mini likkafani da hannunta. Yanzu wa za shi yanka shi daidai? Waɗanga 'yan zamani?"

Aka yi dariya, dariyar ta koma kuka. Wata ta kama wuyan rigarta tana nuna wa na kusa da ita: Kaka ce ta yanke shi, an goyi 'ya'ya uku da rigar, wuyan bai saki ba. Wata ta ce ita tsawar Kaka za ta fi tunawa. Can gefe, kusa da randa, wata mata mai doro ta zauna, tana ta murza gefen rigarta da yatsa biyu.

Ni kuma ina zagayawa da ruwa, ina jin wani ɗan abu a gwiwata duk lokacin da na taka.

Na ɗauki alƙalami ne domin a cikin jikokin Kaka ni na fi daɗewa a ɗakinta, kuma na ga yadda ake manta tsofaffi: a yi uku, a yi arba'in, a raba kwanoni, shi ke nan. Abin da zan faɗa a kanta na tabbata da shi, daga bakinta na ji, da idona na gani.

A 'Yandoto aka haife ta, kusa da Tsafe, Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Ba ta san shekarunta ba. Takan ce dai ta yi wayo lokacin babbar yunwa, kuma tana da goyo jirgin ƙasa ya fara shigowa Gusau. Mahaifinta malami ne, kuma kamar malamai da yawa na lokacin, da allura yake ci. Yakan haɗa siraran ƙyallayen da masaƙa ke saƙawa ya mayar da su riga, ya yi mata aiki a wuya. A zamanin, mace iyakarta zare. Ta gurza auduga, ta shiɓa, ta kaɗa, ta miƙa wa maza. Saƙar ƙyalle da ɗinki nasu ne.

Allura biyu ce a gidan kaf. Idan ta dakushe, a wasa ta a dutse. Da idon malam ya fara rauni, sai Kaka, tana 'yar shekara bakwai ko takwas, ta zama mai zura masa zare.

Wata rana ya miƙo mata allura, ba ta kai ga zurawa ba uwarta ta ƙwala mata kira. Ta ajiye ta a kan buzu ta tafi. Ƙanwarta, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta taka. Allurar ta karye a tafin ƙafarta. Wanzami ya tsaga bai samu komai ba. Bayan kwana bakwai haƙoran yarinyar suka datse, bayanta ya lanƙwashe kamar baka, ta rasu. Mutanen gari suka ce allurar ce ta bi jini har ta isa zuciya.

Sau ɗaya tak Kaka ta ba ni wannan labari, tana tsefe mini kai, don kada in ga fuskarta. Ta ce malam bai taɓa ɗora mata laifi ba. Bayan an share makoki ya kira ta ya damƙa mata allurar da ta rage, ya ce daga yau ita za ta riƙe. Tun daga ranar ba ta sake ajiye allura babu zare ba. Ko ta gama ɗinki sai ta bar taƙi guda a jiki, ta ƙulla bakinsa. In ta faɗi, zaren zai nuna ta. In ta shiga jikin wani, da zaren za a jawo ta.

Da idon malam ya tafi gaba ɗaya, ita ta ci gaba da ɗinkin a bayan danga, shi kuma yana bin sawun ɗinkin da babban yatsa. Inda ya ji tazara sai ya ce, "Warware." Masu saye suna ta yaba hannun malam.

Da ragowar ƙyallaye ta haɗa wa kanta 'yar taguwa, a lokacin da 'yan mata zane kawai suke ɗaurawa a ƙirji. Ta sa ta tafi rijiya. Matan da ke wurin suka kwashe da shewa.

"Ga ƙaramin malam! Ina rawanin?"

Ta ce ba ta tanka ba sai da ta cika tulunta. Sannan ta ce musu, "Ni da hannu biyu nika jan guga. Ku ɗaya na ga igiya, ɗaya na riƙon zane." Duk lokacin da ta kawo nan sai ta yi dariya har da tari. Damina ba ta zagayo ba, biyu daga cikin masu shewar suka biyo ta da ƙyallensu a ɓoye.

Da aka kai ta aure Furfuri, cikin kitsonta ta soke allurar ta tafi da ita, zaren a naɗe a jikin gashi. Surukinta ya ji labari, ya aika a gaya mata cewa a gidansa mace ba ta taɓa sana'ar maza. Ta ce ta ji. Ana tsakiyar noma wandonsa na gona ya yage, maɗinki kuwa sai Bungudu ranar kasuwa. Ya rataye shi a danga. Da safe ya same shi a ɗinke. Ya sa abinsa bai tambaya ba. Daga nan duk tufar da ta yage, dangar da ke kusa da ɗakin amarya take zuwa shan iska.

"Har yam mutu bai ce ya gode ba," in ji Kaka, "ni ko ban ce ni ta ba. Mun rabu lahiya."

Rigar zaman gida ita ce abin da ta fi ƙwarewa a kai, kuma ita ta koya wa kusan duk matan da suka zauna kusa da ita. Ba ta son ta ɗinka miki. Ta fi son ta zaunar da ke ki ɗinka da kanki tana kallo. A ninka yadi biyu, a sake ninkawa. A kifa ƙoƙo a kusurwar ninkin, a zagaye shi da gawayi, wuya ke nan. Faɗin jiki da taƙi take aunawa, sannan ta ƙara yatsa huɗu ta ce na tuwo ne, ta ƙara wasu huɗu ta ce na iska ne. A hammata sai ta sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, don in kin ɗaga taɓarya kada ta yage. Baki kuma a kalmasa shi sau biyu. Takan ce rigar da ba ki iya daka a cikinta, ki yi ruku'u a cikinta, ki miƙe ƙafa ki yi barcin rana a cikinta, wannan ɗauri ne kika saya da kuɗinki.

Matar nan mai doro, maƙwabciyarsu ce a Furfuri tun tana budurwa. Duk rigar da tela ya ɗinka mata sai bayanta ya ɗage, gabanta ya zubo, yara suna binta da dariya. Ta daina zuwa biki. Kaka ba ta taɓa ce mata zo in auna ki ba, ta san ba za ta zo ba. Wata rana ta ce mata, "Tsaya, ƙaiƙayi ya hau miki baya," ta kakkaɓe ta daga wuya zuwa ƙugu, tana ƙirga taƙi a zuci. Bayan kwana biyu ta aika mata da riga mai tsawon baya, wadda ta sauka daidai ko'ina. Daga baya ta nuna mata yadda za ta riƙa yanka wa kanta. Matar ce ta ba ni labarin a rana ta biyu ta makoki, a bakin murhu. Kaka ba ta taɓa ambatarsa ba.

Ba waliyyiya ba ce, kada in yi mata ƙarya. Tana da baki. In ɗinkinki ya karkace, a gaban baƙi za ta ɗaga shi ta ce, "Ku zo ku ga hanyar shanu." Ta taɓa shekara ba ta gaida wani tela a unguwarmu ba, don ya matse wa Inna, mahaifiyata, riga a hammata. Keken ɗinkin da Baba ya saya mata kuwa, faifai take ɗorawa a kai.

Ni da ita mun fi kowa faɗa, domin na gama sakandare na dawo da tef ɗin awo da takardar yanka da muka koya a aji. Ina son riga mai bin jiki kaɗan. Ita kuma ta ce na je makaranta shekara shida na koyo yadda ake ƙuntata wa kai. A kan rigar nan da nake ɗinkawa ranar rasuwar mun shirya: yankan nata, wuyan nawa. Wata atamfa ce mai ruwan ganye da Baba ya ba ni.

Da safen ranar da za ta rasu tana kishingiɗe a bakin ƙofa, jikinta babu ƙarfi amma idonta ras. Zarena ya ƙare, na cire guntun na yar, na soke allurar a tabarma ina laluben wani.

"Ke 'yar boko. Mi na ce miki?"

"Kaka, yanzu zan zura."

"Yanzu ta kashe mutum."

"Kaka, an bar wannan zamanin. Abin da ya kashe ƙanwarki ciwo ne da ke shiga ta rauni, mun karanta shi. Allura ba ta tafiya a jiki."

Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na san na taɓa inda ba a taɓawa. Amma sai ta ce, "To, likita. Zura dai." Ta kira Gwaggo ta kama ta suka shiga ciki, ta ce tana son ta kwanta.

Na zare allurar daga tabarma, na tsinko sabon zare, na lasa bakinsa. Ban kai ga zurawa ba na ji salati.

Abin da ya hana ni magana ke nan. Ta yaya zan tsaya a tsakiyar gidan makoki in ce maganar ƙarshe da ta yi mini ita na take, ga sakamakon a gwiwata? Kuma wa ke da sararin jin ciwon gwiwa, ana ta sauke tukwane ana tarbar baƙi?

Rana ta farko na ce wa kaina ƙila rabin ya faɗa cikin ƙasa. Rana ta biyu wurin ya yi ja, ya ɗan tasa, gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa. Na koma yin salla a zaune a bayan ƙyauren ɗaki. Duk abin da na karanta a aji ya gudu ya bar ni. Na fara jin tsinin a cinyata. Anjima in ji shi a ƙugu. Ina wanke kwanoni sai in tsaya in buɗe baki in rufe, in ji ko haƙorana sun fara datsewa. Ina ƙirga kwanaki: bakwai aka ce, saura biyar. Ni da na ce wa tsohuwa allura ba ta tafiya.

Ranar addu'ar uku aka cika fiye da ranar farko. Na kai wa tsofaffin Bungudu fura, na rusuna iyakar yadda zan iya na ajiye. Ƙawar Kaka mai sanda ta bi ni da kallo daga sama har ƙasa.

"Wagga ɗiyar wa ta?"

Aka ce jikar marigayiya ce, ta ɗakinta.

"Ta ɗakinta? Kwana uku ina kallonta, tsaye taka gaida mutane awa soja. Boko ya ci gwiwar? Ba a ko share sawun tsohuwa ba, an aje tarbiyyarta."

Inna ta sunkuyar da kai. Na so in durƙusa ko don in rufe bakinta, na gwada, wani zafi ya harbe ni har ƙwaƙwalwa, na dafe bango.

Gwaggo ce ta taso. Ita ce babbar 'yar Kaka, ita ta gaji tsawarta. Ta ja hannuna zuwa ɗaki ta tura ƙyaure.

"Ɗaga zanen."

Na ɗaga. Ta ga kumburin. Na kwance haɓar zanena na nuna mata rabin allurar a tafin hannuna. Ta duba ramin zaren ta ga wayam. Ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ta san labarin buzu fiye da ni.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar."

"Inna lillahi. Kwana uku! Don ubanki, gawa biyu kike so mu yi?"

Ta fizge ɗankwalinta ta ɗaure mini cinya tamau a saman gwiwa, ta ja ƙullin da haƙori, wai ta tare mata hanya. Ta leƙa ta aika a kira Baba daga cikin maza. Da muka fito tana riƙe da ni, kanta babu ɗankwali sai mayafi, ta tsaya gaban tsohuwar ta ce, "Inna, allura ce a gwiwarta. Da ita take ta yi muku hidima." Tsohuwar ta saki sandarta ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo ni! Ku yi maza. Ɗiyata, yahe mini, bakina ya riga idona."

A mota Baba yana gaba, bai juyo ba ko sau ɗaya, amma ina jin yana ta maimaita addu'a ɗaya, yana ce wa direba ya ƙara wuta. Gwaggo ta danne ƙullin da hannu biyu har muka isa asibiti.

Aka ɗauki hoton gwiwar. Muka zauna a benci muna jira, ƙafata ta yi nauyi kamar ba tawa ba. Likitan, wani mai furfura a gemu, ya ɗaga hoton a jikin taga, ya nuna mana wani ɗan farin layi a gefen ƙashi. Sannan ya ga ɗankwalin.

"Hajiya, wannan fa?"

"Tare hanya na yi."

"Kwance shi, kada ki kashe mata ƙafa."

"Ba ni kwancewa sai na gan ta a waje."

Ya dube ta, ya dubi Baba. Baba ya kawar da kai. Likitan ya ce to a sassauta dai, ta sassauta da ƙyar, kamar ana cire mata haƙori. Ya kashe zafin wurin, ya tsaga kaɗan. Ina kallon silin ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ƙarar ɗan ƙarfe ya faɗa cikin kwano.

Gwaggo ba ta yarda ba sai da ta karɓi rabin da ke hannuna ta jera su a kan auduga. Bakin karayar ya haɗu, babu abin da ya rage.

Ana kiran la'asar a masallacin asibitin likitan ya gama ɗinke wurin, ya naɗe gwiwar. Ya ce inda ta shiga nan ta tsaya, ko kaurin gashi ba ta gusa ba. Ya ce an yi mini rigakafin ciwon da ke datse haƙora, ga magani na kumburi, in dawo bayan mako a cire zaren. Na tambaye shi ko akwai sauran abin tsoro. Na sake tambaya.

"Babu, 'yata. Kin tsira. Je ki gida."

Baba ya ce alhamdu lillahi, ya fita da sauri wai zai yi alwala. Gwaggo ta durƙusa a gabana, ta sa haƙori ta kwance ƙullin, tana cewa Allah ya jiƙan tsohuwa, ya haskaka kabarinta, ya haɗa ta da 'yar ƙanwarta a inuwa ɗaya. Ɗankwalin ya saki. Na ji jini yana gangarowa cikin ƙafata yar-yar-yar, kamar tururuwa, har yatsu. Na zauna ina sauraron tafiyarsa.